Ƙugiyar Hagu

"Wuta! Auta, fito, uwarki za ta ƙone mana gida!"

Muryar Gwaggo ce ta tsaga gidan. Na yi wurgi da madubi na fito da gudu, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, jan-baki a leɓen sama kaɗai. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida har ba a ganin kayan shanya. Can gindin famfo na hango Umma a tsugune gaban bokitin ƙarfe, tana tura takardu cikin wuta ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai ba kaji tsaba.

"Umma, lafiya?"

"Shara nake ƙonawa." Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shara?" Gwaggo, yayar Abbana, ta riƙe ƙugu tana tari. "Yau? Yau ɗin nan? Shekara nawa ina roƙon Allah ya kawo wanda zai kwashe mana wannan yarinya! Ya kawo, saura rabin awa ya shigo gaida ubanta, shi ne za ki tare shi da hayaƙi kamar ana korar sauro? Dubi rigarta! Yanzu sai ya ce mai gasa nama aka ba shi."

Na dubi rigar. Doguwa ce ruwan zuma, Umma da kanta ta ɗinka, kwana uku tana yi mata aikin zare a wuya da bakin hannu. Wadda ta ɓata kwana uku a kan rigar ita ce yau take shafe ta da toka. Abin bai hau lissafi ba.

Iska ta kaɗa, wani guntun takarda ya tashi daga bokitin, gefensa na ci da wuta, ya sauka kusa da ƙafata mai takalmi. Na take shi. Da Umma ta juya ɗaukar wani dami, na sunkuya kamar mai gyara igiyar takalmi, na cusa shi a hannun riga.

Masu karatu, ku yi mini afuwa, na jefo ku tsakiyar hayaƙi ba sallama. Bari in ja da baya kaɗan, don wanda bai san Ƙarfe Huɗu ba ba zai gane abin da ke ci a bokitin nan ba.

Ni dai aikina buga takardu ne a wani shago kusa da ƙofar jami'a. Kwamfuta uku, injin fotokwafi ɗaya mai zafin rai, fanka mai kuka, sai Oga mai shagon da ke zaune bakin ƙofa yana gyangyaɗi. Shekarata ashirin da bakwai, lambar da Gwaggo ke ambata kullum kamar sunan cuta.

Wata shida da suka wuce wani dogo mai tabarau ya shigo da ƙatuwar ambulan a hammata. Ƙaramin malami ne a jami'ar. Ya zazzage mini fotokwafin wasu tsofaffin takardu da aka buga da tafireta, keken rubutun nan na da.

"Malama, so nake a sake buga mini waɗannan, harafi da harafi. Ko kuskure kika gani kada ki gyara."

"Malam, aikina gyara kuskure ne, ba kiwonsa ba."

Ya yi dariya har tabarau ya zamo masa. Na yagi 'yar takarda mai hatimin shago, na rubuta masa da biro: *A dawo Laraba, ƙarfe huɗu.* Ya karɓa, ya tsaya yana kallo. Ya kalli takardar, ya kalli hannuna, ya sake kallon takardar. Ni kuwa a raina na ce, ayyo, bawan Allah ya ga yatsu. Ranar na ma sa sabon zobe. Ku riƙe wannan wurin, za mu dawo kansa.

Laraba ƙarfe huɗu daidai ya dawo. Ta gaba ma haka. Har Oga ya daina duba agogo, in ya ga inuwarsa sai ya ce, "Huɗu ta yi." Da haka na adana lambarsa a wayata: Ƙarfe Huɗu.

Takardun nan su ne rayuwarsa. Shekara shida yana rubuta littafi a kan wanda ya rubuta su, wani mutum da ake kira Maƙwabci. Shekara talatin da ɗoriya baya, lokacin da babbar masaƙar garin ke aiki, sai a wayi gari a ga takarda a ƙarƙashin ƙofa, ko a kwandon cefane, ko a kujerar bas. Da kalmar *Maƙwabci* take farawa, da ita take ƙarewa. Ba suna, ba adireshi. Ga ɗaya da na haddace don yawan bugawa:

*Maƙwabci, jiya an kashe famfon layinmu an kunna na gidan mai masaƙa don a wanke motoci. Kada ka kai ƙara, wanda za ka kai wa a motar yake. Ɗauki bokitinka, buga ƙofar na kusa da kai, mu je mu ɗiba. Ruwan namu ne. Gobe kuma mu yi maganar masaƙar, ita ma tamu ce.*

Kuma mutane suka ɗauki bokiti suka je. Daga nan yajin aiki, daga nan kame. Takarda talatin da biyu suka fito, sai shiru. Hukumar wancan zamani ta kama wani malamin lissafi, aka ce shi ne, aka ce ya mutu a tsare. Amma Ƙarfe Huɗu bai yarda ba.

"Na ga rubutun hannun malamin a tsohuwar rajistar makaranta," in ji shi wata rana, yana nuna mini da bakin biro. "Duba nan. Tafiretar ba ta da harafin ƙa, ba ta da harafin ɗa. K da d marasa ƙugiya kawai take bugawa. Sai an gama a bi kowace takarda da biro a yi wa haruffan ƙugiya. To ƙugiyar ƙa da ɗa dama take lanƙwasawa, haka kowa ke yi, haka malamin lissafin ma yake yi. Ta Maƙwabci fa?"

Na leƙa. Duk ƙugiyoyin hagu suka juya, kamar jerin mutane sun yi fushi sun ba da baya.

"Wasu sun ce ɗan jarida ne, wasu sun ce mutum uku ne, wani tsoho ya rantse mini aljani ne. Ni dai na san mutum ɗaya ne, kuma jarumi ne. Ina so in ga fuskarsa kafin in mutu."

"Allah ya sa ba shi da 'ya budurwa," na ce, "don na ga alama ita za ka aura."

Bai yi dariya ba. Lokacin ban kula ba.

Jiya da rana ina zaune a ɗakin ɗinkin Umma tana yanka yadin wata mata, Gwaggo na yi mini tambayoyi kamar 'yar sanda. Ɗan wane ne? Yana da naƙasa? Me yake yi takamaimai?

"Littafi yake rubutawa, Gwaggo. A kan wani Maƙwabci."

"Maƙwabcin wa? Gulma ke nan aka mayar sana'a?"

Ƙyas! Almakashi ya zarce. Umma, wadda tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta ɓata yadin mutane ba, ta raba gaban riga gida biyu. Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ce, "Yadin ne ba shi da kyau," ta naɗe.

To kun ji. Mu koma hayaƙi.

Ina shiga ɗaki wayata ta yi ƙara, saƙon Ƙarfe Huɗu ne.

*Na taso. Na sa farar rigar da kika ce. Gabana faɗuwa yake kamar ranar jarrabawa.*

*Kada ka kawo maganar Maƙwabci a gaban Abba.*

*Me ya sa?*

*Haka kawai. Ka yi maganar yanayi da tsadar mai kamar kowane saurayi mai hankali.*

*An gama, ranki ya daɗe.*

Na feshe jikina da turare har sai da na yi atishawa, na ƙarasa jan-bakin leɓen ƙasa. Ƙarfe huɗu daidai aka yi sallama.

Falonmu sai wanda ya gani. Abba mai gyaran agogo ne, ya bar kasuwa amma agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba sun biyo shi gida. Goma sha ɗaya ne a bango, kowanne da lokacin da ya ga dama. Na kai ruwa da shayi, na gaishe su kaina a ƙasa kamar ban taɓa yi wa mutumin nan tsiwa ba, na fito na laɓe bayan labule. Na tarar Gwaggo ta riga ni.

"Matsa, ke. Ni ce babba," ta raɗa mini. "Kai, dogo ne. Sai dai wuya kamar mariƙin lema. Ba komai, za a ciyar da shi."

Minti goma ya yi yana abin kirki. Ya faɗi iyayensa, ya faɗi aikinsa, har tsadar mai ya taɓa. Sai na ji ya gyara murya, irin gyaran da na sani.

"Abba, an ce da can a layin masaƙa kuka zauna?"

Na dafe kai.

"An ce?" in ji Abba. "Wa ya ce?"

"A'a, a hira ne. Na ce ko kun taɓa ganin takardun nan da ake rabawa lokacin yajin aiki."

"Takardu." Abba ya kurɓi shayi. "Samari, ni agogo na sani. In ka kawo mini takarda, ƙananan kusoshi zan zuba a kai kada su ɓace. Naka ma na ga yana gaba da minti biyu. Kawo."

Kafin ya ankara Abba ya cire masa agogo ya buɗe bayansa. Gwaggo ta toshe baki tana dariya. Ni kuwa ban yi ba, don na ga abin da ba ta gani ba: Abba, mai ɗaukar kusar da ba ta kai ƙwayar gero ba, sau biyu murfin agogon na kuɓuce masa.

Na zame na koma ɗaki, na zaro guntun takardar daga hannun riga.

Ba fotokwafi ba ne. Takarda ce ta asali, ta yi ja don tsufa, haruffan tafireta sun nutse a jikinta, ƙugiyoyin da shuɗin biro. Duk hagu. A sama an buga lamba: 33.

Talatin da uku? Talatin da biyu ne a duniya. Ni na buga su, na sani.

*Maƙwabci, yau zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Wanda suka kama ba shi ba ne. Ku sake shi. Ni ce*

Daga nan wuta ta cinye.

Na karanta sau uku. Ba *ni ne* ba. *Ni ce.*

Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni ɗakin ɗinki ba. Umma na kan keke tana taka shi kamar yana da laifi. A kan tebur littafin awonta na buɗe, littafin da nake gani tun ina rarrafe, wanda ban taɓa yi wa kallo na biyu ba. Ƙirji. Ƙugu. Kafaɗa. Faɗin hannu. Tsawon ƙafa. Shafi bayan shafi, matan unguwa kaf da awonsu, kuma kowace ƙugiya ta juya hagu.

Wata shida ina kallon ƙugiyar nan a shago ina cewa a ina na san ta. Ashe a gida na baro ta.

Na rufe ƙofa. Na ajiye guntun a kan littafin, gefe da gefe.

Keken ya tsaya.

"Ke ɓarauniyar shara ce yanzu?"

"Umma, ke ce?"

Umma bahaguwa ce, an hana ta ci da hagu tun tana ƙarama amma ba a iya hana ta riƙe almakashi da biro ba. Ta miƙa hannun hagun ta shafa takardar.

"Zauna. Kuma ki rage murya, kunnen Gwaggonki ya fi na zomo."

Na zauna a kan akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin tebur, wanda aka lulluɓe da ƙyallaye, wanda tun ina yarinya aka ce mini tsohon keken ɗinki ne da ya lalace.

"Shekarata goma sha tara," ta ce. "Ina buga takardu a ofishin masaƙa. Irin aikinki. Duk takardar sallama ta hannuna take bi. Wata rana aka ba ni sunan mutum arba'in in buga musu kora. Na uku a jerin babana ne. Na buga, Auta. Har ƙugiya na yi masa a sunansa, na kai aka sa hannu. Da na dawo gida na kasa kallonsa. Sai na shiga wurin maƙwabcinmu, katanga ɗaya muke, malamin lissafi, na ce ya ba ni aron keken rubutunsa. Shi ne a akwatin nan da kike zaune a kai."

"Shi ya sa kika ce sunanki Maƙwabci?"

"Ni ban ce sunana ba ne. Kira nake yi. Mutane suka mai da shi suna, kuma da yake ba wanda ya taɓa kawo wa ransa mace za ta iya, sai na ga ya rufa mini asiri, na riƙa sa shi a ƙasa ma."

"Abba ya sani?"

Ta yi wani ɗan murmushi, na farko tun jiya. "Wa kike tsammani yake rabawa? Aljani? A akwatin gyaran agogo yake zubawa, ya ɗaura a bayan kekensa, ya bi gida gida yana tambaya ko akwai agogon da ya tsaya. Da keke uku aka yi yajin aikin nan: na rubutu, na hawa, sai na ɗinki da nake fakewa da ƙararsa in ina bugawa."

Wallahi masu karatu, dariya ta taso mini tare da hawaye. Abbana! Abban da ba ya iya tsawata wa kyanwa!

"To Umma ai abin alfahari ne! Kin san yadda yake maganarki? Cewa yake jarumi..."

"Jarumi." Ta maimaita kamar ta tauna tsakuwa. "Da jami'an hukuma suka zo, a ɗakin malamin suka sami damin takarda ta talatin da biyu, ajiya na ba shi. Ya ce shi ne. Wata da watanni suna tambayarsa, bai canza magana ba. Ni kuma na zauna na buga wannan. Na sa cikakken sunana a ciki. Kwafi ɗari na buga, na bi su ɗaya ɗaya na yi musu ƙugiya. Abbanki ya zo da akwati ya tsaya a bakin ƙofa. Na kasa miƙa masa. Na ce gobe. Goben ma na ce gobe. Ina cikin gobe aka ce ya rasu a can. Ba gawa, ba kabari."

Agogunan falo suka buga wani lokaci nasu na daban.

"Shekara talatin da ɗaya suna ƙarƙashin katifata. Saurayinki jarumi yake nema, Auta. In ya tono, matsoraciya zai samu, wadda ta bar mutum ya mutu da sunanta a bakinsa. Kuma malamin yana da dangi. Me zan ce musu?"

"Ba zai sani ba. Ta ina zai sani? Ko littafin nan bai taɓa gani ba."

Umma ta dube ni, irin kallon da take yi wa mace in ta ce ƙugunta bai ƙaru ba. Ta tura mini biro da gefen jarida.

"Wa ya koya miki rubutu kafin a sa ki makaranta?"

"Ke."

"Rubuta mini wani abu. Rubuta lokacin da ya ce zai zo."

Na rubuta: *ƙarfe huɗu.*

Na kalli ƙa. Na kalli ɗa.

Hagu. Dukansu hagu.

Ni da nake yini a kan kwamfuta, inji na yi mini ƙugiya, yaushe rabon da in kalli rubutun hannuna? Sai ranar farko ta dawo mini tar: ya kalli takarda, ya kalli hannuna, ya sake kallon takarda. Ni da sabon zobena!

Na miƙe, na ja mayafi.

A ƙofar gida na same shi, Abba ya sallame shi, yana ɗaura agogonsa yana murmushi shi kaɗai. Rana ta yi sanyi, mai shagon tsallaken titi na yayyafa ruwa a gaban shagonsa.

"Ranki ya daɗe, ina jin na ci jarrabawa. Abba ya ce in turo manya..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Malam. Ranar da ka fara zuwa shago, me ka tsaya kallo?"

Murmushin ya zube. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya zaro walat, ya fito da 'yar takarda da ta sha ninki. Hatimin shagonmu. Rubutuna.

"Ƙugiya," ya ce a hankali.

"Madalla. Ni ina can ina yi wa yatsuna kirari."

"Ki saurare ni..."

"Wata shida! Ashe ba zance kake zuwa ba, bincike kake. Ni ce rajistar makaranta ta biyu ko? Ka gama da ni ka sa ni a shafi na nawa?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Watan farko ƙugiya ce ta dawo da ni. Na ce duk wanda ya koya miki rubutu, a wurin Maƙwabci ya koya, ko shi ne ma. Na zargi Abba. Wata na biyu ban san me ke kawo ni ba. Na uku kuwa takardun suka ƙare, na rasa dalilin zuwa, na fara kawo miki waɗanda kika riga kika buga."

"Na lura. Ta goma sha bakwai sau uku na buga ta."

"Huɗu."

Na danne dariyar da ƙyar. Ba lokacinta ba ne.

"To ji nan. Ba zan ce maka akwai wani abu a gidan nan ba, ba zan ce babu ba. Amma duk wanda zai sake tsallake wannan ƙofa, suruki zai shiga, ba mai bincike ba. Ba za ka zauna a falon ubana kana shan shayinsa kana leƙen ƙarƙashin kujera ba. Ko littafin, ko ni. Kuma yanzu, ba Laraba ƙarfe huɗu ba."

Ya dubi jakarsa. Na san abin da nake nema a wurinsa: shekara shida, tafiye-tafiye, tsofaffin da ya bi har gadon asibiti, ga shi yana tsaye taku biyar daga amsar. A raina na ce, Auta, kin kori miji, ki shirya wa bakin Gwaggo.

Ya buɗe jaka. Ya fito da baƙin littafinsa mai kauri, wanda ko Oga bai yarda ya taɓa ba, ya ɗora 'yar takardar a kai, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ki ajiye. In wata rana mai labarin ya ga dama ya ba ni da bakinsa, zan karɓa. In bai ga dama ba, shi ke nan. Na fi son in san ki da in san shi."

Na karɓa. Littafin ya fi yadda na zata nauyi. Zuciyata ta yi wani irin sanyi, har na fara tunanin kalar labulen da zan sa a ɗakina. Ku dai kun san mu.

"Sai dai..." ya ce, yana sosa ƙeya. "Akwai abu ɗaya. Gara ki ji daga bakina."

"Ina ji."

"Makon da na fara ganin takardar nan, kafin in san ki, na ɗauki hotonta na sa a shafin intanet ɗin da nake neman masu labarin Maƙwabci. Na rubuta, wa ya san mai irin wannan ƙugiya? Daga baya na goge. Kwana biyu kawai ta yi."

"Da hatimin shagonmu a jiki?"

Kafin ya buɗe baki wata tasi ta tsaya a gabanmu, har ƙurarta ta taɓa bakin rigata.

Direba ya zagayo ya buɗe ƙofar baya. Sanda ce ta fara fitowa, sai ƙafa ɗaya, sai ɗayar da ƙyar, tana ja. Tsoho ne siriri, gashinsa fari fat, rigarsa a goge, biro biyu a aljihun gaba. Ya dubi lambar gidanmu, ya dubi wata takarda a hannunsa. Daga inda nake na hango abin da ke jiki: hoton rubutuna ne, an buga shi ƙato.

"Salamu alaikum. 'Yata, ke ce ta shagon buga takardu? Mai shagon ne ya yi mini kwatance." Ya ƙare mini kallo, a hankali, daga goshi zuwa haɓa. "Ba sai kin amsa ba. Fuskar ta amsa."

"Baba, wa ake nema?"

Daga cikin gida ana jin keken ɗinkin Umma yana tafiya, tatatata, tatatata.

"Shiga ki ce da mai ƙugiyar hagu, malamin lissafi ne. Ki ce na zo karɓar keken rubutuna. Aron ya isa haka."

Bai ɗaga murya ba. Amma a cikin gida, keken ya tsaya.